Gwaggona da Wayar Tankin Kusfa

Na Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke gidanmu na Kusfa, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Yau kwana tara ke nan, kuma a cikin kwanakin nan na ji maganganun da suka kusa tayar da ni daga kan tabarmar makoki.

Wanda ya fara shi ne wani dattijo daga Ƙofar Kibo, abokin marigayi mijinta. Ya zauna ya yi addu'a aka shafa, sannan ya girgiza kai ya ce, "Allah Sarki, baiwar Allah mai sanyin hali. Ko muryarta ba ka ji." Na ɗago na dube shi. Baba, da ke zaune gefena, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Jama'a suka ɗauka kuka ne, har wani ya dafa shi yana ba shi haƙuri. Ni na san dariya yake dannewa, ko da yake ba a jima ba ta rikiɗe ta zama hawaye na gaske. Da mutane suka ɗan ragu, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Wai wace ce ta rasu? Ni dai yayata daga bakin masallaci ake jiyo ta."

A cikin gida ma haka aka yi ta yi. Matata ta ce mata suna ta jera mata halaye: mai haƙuri, mai kawaici, ba ruwanta da harkar kowa. Wata ta ce, "Ai ita ce mai gyaran rediyon nan ko?" A duk taron, tsohuwa ɗaya ce ta faɗi gaskiya, wata maƙwabciyarmu. Ta ce Gwaggo ta taɓa shiga ɗakinta gaisuwa, ta ga wayar dutsen gugarta a saɓule an naɗe da leda, ta ɗauke dutsen gugar ta sa a jaka ta fice, ba ta dawo da shi ba sai da ta sauya wayar. Ta ce, "Har da faɗa ta yi mini a gaban surukata." Tana faɗa tana kuka.

Na san kyakkyawar niyya ce ke sa mutane faɗin abin da suke faɗa. Amma kalaman nan duk wanda ya mutu su ake yafa masa. In na yi shiru, nan da shekara biyu 'ya'yana za su taso da labarin wata tsohuwa mai sanyin hali wadda ba a taɓa yi a gidanmu ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Gwaggo ba ta da sanyin hali, ba ta gyaran rediyo, kuma babu harkar da ba ruwanta a ciki in dai akwai waya a wurin. Babu wanda ya ɓata mini rai a duniya kamarta, kuma har yanzu da nake rubutun nan raina bai gama hucewa ba.

Kakanmu ma'aikacin gwamnati ne, shi ya sa ta makaranta tare da ƙannenta maza. Ta yi aikinta duka a ɗakin gwaje-gwajen lantarki na wata makarantar koyon fasaha a nan Zariya. Ba ita ke koyarwa a aji ba. Ita ce ke shirya kayan aiki, ta duba abin da ɗalibai suka haɗa kafin a ba shi wuta. Da mijinta ya rasu, ita kuma ta yi ritaya, sai ta dawo gida ta karɓi ɗakin da ke kusa da zaure. Daga ranar gidanmu ya zama ɗakin gwajinta, mu kuma ɗalibanta, ba tare da an nemi yardarmu ba.

A jakarta akwai carbi, akwai goro, akwai mitar auna wuta mai waya ja da baƙa. Ƙarƙashin gadonta kuma gwangwanayen alawa ne cike da ƙananan kayan lantarki. In ka sayo sabuwar caja, sai ta karɓa ta juya bayanta ta karanta. In ka jona abu biyu, sai ka ji muryarta ta taga: "Wancan nawa yake bayarwa? Wannan nawa yake ɗauka?" Ranar walimar aurena, ana tsakiyar karatu aka ji lasifika ta ɗauke. Gwaggo ce ta zagaya baya ta zare waya, wai mai kayan ya cusa tsirarar waya a soket ya tokare da tsinken ashana. Malam mai wa'azi ya ƙarasa da bakinsa, 'yan baya ba su ji komai ba. Da na yi mata magana ta ce, "Ango ne kai ko mai kashe gobara? Zaɓi ɗaya."

Ni kwamfuta na karanta, aikina rubuta umarnin da na'ura ke bi. Tun da na gama makaranta take kirana Injiniya, kuma ban taɓa jin ta faɗe shi ba tare da ɗan murmushin nan a gefen baki ba.

Rigimarmu babba a kan ruwa aka yi ta. Unguwarmu tana da rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da tanki a kan dogon ƙarfe a bayan masallaci. Ladan ne ke kunna famfo ya kashe. In ya tafi kasuwa ya manta, tanki ya cika ya yi ta ambaliya a lungu. In ya manta bai kunna ba, mata su wayi gari babu ruwa. Sai Alhaji, shugaban kwamitin unguwa, ya kira ni ya ce tunda ni ɗan zamani ne, in yi abin da famfon zai riƙa kunna kansa yana kashe kansa. Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne.

Na sayo sensa, wato na'urar da ake sa wa a cikin tanki, in ruwa ya taɓa ta sai ta turo wuta ta waya. Na sayo ɗan ƙaramin allo irin wanda ake rubuta wa umarni, mai jerin ƙafafu a gefe inda ake jona wayoyi. Na rubuta umarnina tsaf: in sensa ta ce tanki ya cika, a kashe famfo. Na zauna a zaure da hantsi, na jona sensa a batir, na ɗauki wayarta na ɗora kai tsaye a ƙafar allo, na tsoma ta a kofin ruwa. 'Yar fitilar allon ta yi haske sau ɗaya ta mutu. Wani siririn hayaƙi ya tashi.

Ban ko gama mamaki ba na ji takun Gwaggo. Hancinta ne ya kawo ta.

"Me ka ƙona?"

"Ba komai, Gwaggo, allon ne ba shi da kyau."

Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki sensar ta juya. "Wannan wuta nawa take ci?"

"Bolt ashirin da huɗu."

"In ruwa ya taɓa ta, nawa take turowa?"

Na ce, "Ashirin da huɗun."

"Shi kuma allon, ƙafarsa nawa take ɗauka?"

"Uku da ɗigo uku."

Ta zuba mini ido. Na ce, "Ai na ɗauka saƙo ne kawai take aikowa, ba wuta ba."

"Saƙon da me aka yi shi, Injiniya? Da auduga?"

Ta tashi ta koma ɗaki. Kafin azahar duk gidan an san na ƙona allo, har matar ƙanena da ba ta san mene ne allon ba tana yi mini sannu.

Na sayo wani, wannan karon na yi karatu sosai. Na gano dabarar rasista, waɗannan 'yan ƙananan abubuwa masu zanen launi a jiki da ke rage ƙarfin wuta. In ka jera biyu, babba da ƙarama, ka ɗauki wuta a tsakaninsu, sai ashirin da huɗu ta sauko ta zama uku da 'yan kai. Na haɗa, na auna, ya yi daidai. Na tsoma sensa a ruwa, allo ya amsa lafiya lau. Na kwashi kayan da kaina na kai mata ɗaki, don ta gani da idonta.

Ta duba lissafin ta ce daidai ne. Har na fara jin daɗi sai ta ɗauki mayafi da jaka ta ce mu je wurin tanki. Rana tana tsaka. Ta sa na buɗe akwatin batiran sola, ta ɗora mitarta, ta juyo mini da fuskar mitar. Ashirin da takwas da wani abu.

"Ashirin da huɗu sunansa ne," in ji ta. "Da rana in yana shan caji haka yake hawa. In ya hau, ukunka ma ta hau."

Na ce wannan mai sauƙi ne, zan sauya rasista ɗaya in bar sarari. Ta ce to. Sannan ta nuna sama da sandarta. "Wayar sensa daga ina za ta taso?"

"Daga kan tanki."

"Ta sauko ta ƙarfe, ta bi katanga, ta ƙetare lungu, ta shigo akwati. Damina na zuwa. Ba sai tsawa ta faɗa a kanta ba, ko a nesa aka yi walƙiya doguwar waya tana kwasowa. Rasistocinka ragewa suke yi, ba sa hanawa. Hanya a buɗe take daga kan tanki har cikin allonka."

Ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu, bai fi ƙwayar wake ba. Ta ce sunansa ofto. A cikinsa akwai 'yar fitila da ɗan ido mai kallonta, babu waya a tsakaninsu. Wutar sensa ta bi ta rasista ɗaya ta kunna fitilar, idon ya ga haske ya gaya wa allo. "Haske ne ke ƙetarewa, wuta ta tsaya a ɓangarenta. Kuma baƙar wayar can daban, ta allo daban, kada ka haɗa su. In wani abu ya zo daga sama, wannan ɗan waken ne zai mutu, ka cire ka sa wani."

Gaskiya ta faɗa, kuma a raina na san haka. Amma na gaji. Mako biyu Alhaji yana tare ni a bakin masallaci yana tambaya, abin da na haɗa yana aiki, ga shi a tsakiyar rana a gaban masu ɗiban ruwa ana yi mini darasi kamar ɗan aji ɗaya. Sai na ce, "Gwaggo, kayan yanzu ba irin na da ba ne. Wannan tsoron duk na zamaninku ne, ku kuma kun yi naku kun gama."

Ban taɓa ganin ta yi shiru irin na ranar ba. Ta mayar da ɗan abin cikin jaka, ta ja zif, ta ce, "Allah Ya ba da sa'a." Ta juya ta tafi gida ita kaɗai.

Na ɗaura abina, ya kuwa yi aiki. Tanki ya daina ambaliya, ladan ya huta, Alhaji yana nuna ni ga baƙi. A gida kuwa Gwaggo tana amsa gaisuwata, amma ta daina ce mini Injiniya. Sunana na yanka take kira, a sanyaye, kamar baƙo. Sunan da na shekara ina jin haushinsa, da aka daina sai na rasa sukuni. Baba ya ce in je in ba ta haƙuri. Na ce ai aikin ne zai ba ta amsa.

Aikin ya ba da amsar a ruwan sama na uku na daminar. Bayan la'asar hadari ya taso ta wajen dutsen Kufena, aka yi tsawa biyu masu ƙarfi, aka sheƙe da ruwa har magariba. Babu abin da ya faɗa wa tankinmu. Amma allon ya mutu, kuma ya mutu ne famfo yana kunne. Tanki ya cika ya yi ta zuba, ba wanda ya lura saboda ko'ina ruwa ne. Famfon da ke can ƙasan rijiya ya yi ta ja har ya zuƙe ruwan, ya ci gaba da juyawa a bushe, ya ƙone.

Kwana takwas unguwa ba ruwa. Sai da aka zaro famfon aka kai gyara. A lungunmu akwai mai jego da ke buƙatar ruwan wanka safe da yamma, mijinta ya riƙa bin 'yan garuwa har wata unguwa. Masallaci aka koma kowa ya zo da alwalarsa daga gida. In na fito, mata masu jarka su yi shiru har in wuce. Wata ba ta jira na wuce ba ta ce, "Da ladan ne, da ko ya manta yini ɗaya ne."

Ranar Asabar kwamiti ya taru a zaurenmu. Alhaji ya ce, "Malam, amana muka ba ka." Wani ya ce a cire tarkacen nan a koma yadda ake. Wani ya ce in ma za a yi, a nemo wanda ya san aiki daga waje. Ina zaune kaina a ƙasa. Sai muka ji sallama daga ƙofar cikin gida. Gwaggo ce tsaye da mayafinta, ta dogara sanda.

"Alhaji, a gafarce ni, zan sa baki. Na ga inda abin nan zai lalace tun kafin a ɗaura shi. Na faɗa masa sau ɗaya, ya yi mini rashin kunya, na yi fushi na kama bakina. Ruwan jama'a ne, ba na gidanmu ba. Kamata ya yi in zo in same ka tun a lokacin. Saboda haka rabin laifin nawa ne. Dabarar yaron nan mai kyau ce, haɗin ne ya bar ƙofa a buɗe. Ku bar mu mu gyara. In ya sake ƙonewa, ni za ku tuhuma."

Yawancin 'yan kwamitin ƙannen ƙannenta ne, babu mai iya musa mata. Alhaji ya ce shi ke nan, Hajiya, an bar muku. Ni kuwa idona ya ciko. Da suka watse na bi ta ɗaki na durƙusa zan yi godiya, ban ko buɗe baki ba ta ce, "Rabin nan da na ɗauka, a gaban mutane na ɗauka. A nan cikin gida duka naka ne. Tashi ka ɗebo ruwa a bokiti, Injiniya."

Ta jawo wani gwangwani ta buɗe. Ashe ta riga ta haɗa komai a kan ɗan faranti, ofto da rasistarsa, an liƙe da dalma tsaf. Na tambaye ta yaushe ta yi. Ta ce washegarin ranar da na ce zamaninta ya wuce.

Muka jona a kan teburinta, muka sa ƙwan fitila a madadin famfo. Na tsoma sensa a bokiti, ƙwai ya kama. Na cire, ya mutu. Wato in tanki ya cika famfo zai tashi, in ya ƙare ya tsaya. Na ce, "Gwaggo, abin naki a juye yake aiki."

"Haka yake. In fitilar ciki ta kama, ƙafar allo ƙasa take yi, ba sama ba. Umarninka za ka juya."

"Kin san haka tun farko?"

"Na sani."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ga shi bokiti ya faɗa maka. Nawa ba ka ji, wataƙila ka ji nasa."

Kwana uku ta tsare ni a teburin nan. Ta sa na tsoma na cire har hannuna ya gaji. Ta sa na zare wayar sensa ana tsakiyar aiki, ta sa na kashe allon da gangan, don a tabbatar duk abin da ya mutu famfo tsayawa zai yi. Ta sa na mayar da makunnin hannu na ladan da na cire don burga. Duk liƙin da na yi sai ta ce in narke in sake. Sau biyu ina ajiye kaya in fita tsakar gida in sha iska don kada in sake faɗin abin da zan yi nadama. Amma tun da muka ɗaura shi, damina biyu ta wuce a kansa. Sau ɗaya ɗan waken ya mutu bayan wata tsawa, na cire na sa wani kafin a kira sallah, allo ko gezau.

A bara aka ƙara tanki na biyu a ƙarshen lungu, kusa da Islamiyyar matan aure. A lokacin idon Gwaggo ya fara yana. Ta ƙi yarda, wai fitilar ɗakin ce ba ta da haske. Na ce ta bari in haɗa farantin, ta ce in na ƙware ta ji labari. Ta haɗa da kanta, na ɗaura. Kwana biyu bayan nan na je dubawa da safe, ina buɗe akwati na ji ƙauri. Rasistar da ke gaban ofto ta yi baƙi ƙirin, tana shirin rabewa. Na cire na duba ragowar zanen jikinta. Wadda ake so zanenta na uku ja ne. Wannan nata ruwan ƙasa ne, ƙarfinta kashi ɗaya cikin goma na wadda ta dace, wuta ta yi ta kwarara ta cikinta fiye da kima. Idon Gwaggo ne ya kasa raba ja da ruwan ƙasa.

Na daɗe a tsugune a wurin. Shekaru ina jiran ranar da zan kama ta da kuskure, ga ranar ta zo, ban ji daɗin komai ba. Na sa wadda ta dace, na liƙe, na rufe akwati. Na gaya wa matata, na ce kada ta kuskura maganar ta fita.

Bayan mako guda Gwaggo ta ce in raka ta ta ga aikinta. Na yi ta kawo dalilai, ta riga ni fita. Da muka isa ta sa na buɗe, ta kashe wuta, ta sa yatsa tana shafa bayan farantin a hankali. Sai yatsan ya tsaya.

"Wannan liƙin ba nawa ba ne. Nawa ba ya tudu. Me ka sauya?"

Na yi ƙoƙarin kewaye-kewaye, ta ce in dube ta. Na faɗa mata.

Ban taɓa shan faɗa irin na ranar ba, kuma a gaban matan Islamiyya da suka fito hutun ƙarfe tara. "Tausayina ka ji? Ni ka mayar abar tausayi? Kai a ganinka alheri ka yi mini? Biyu na haɗa ranar! Ɗayan na aika wa wani tsohon ɗalibina, zai ɗaura a tankin wani masallaci a Ƙofar Kibo. Ka rufa mini asiri, shi kuma wa zai gaya masa?"

Nan take ta sa na tare keke mai ƙafa uku, muka tafi. Muka tarar an ɗaura tun kwana huɗu, rasistar ta fara canza launi, robar da ke kusa da ita ta lanƙwashe. Ɗalibin nata, mutum mai furfura a gemu, ya yi ta cewa ba komai Hajiya. Ta ce masa da komai, kuma shi ma da laifinsa, don ba ta taɓa koya masa ya karɓi abu daga hannun kowa ya ɗaura bai auna ba.

Da muka dawo ba ta shiga gida ba. Ta ce mu koma akwatin tanki na biyu, ta sa na samo alƙalamin da ba ya gogewa. Ta ce in rubuta a bayan ƙofar akwatin, da manyan baƙaƙe, abin da za ta faɗa. Na ce Gwaggo wannan ai tonon silili ne. Ta ce rubuta. Na rubuta: "Rasista ta ƙone a nan. Gwaggo ce ta zaɓe ta da ido, ba ta auna ba. Wanda ya buɗe ya auna kafin ya sa."

Daga ranar ba ta ƙara riƙe ƙarfen liƙi ba. Ta miƙa mini shi da gwangwanayen duka, ta sa na zauna na auna abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Bakinta dai bai yi ritaya ba. Har makon da ta kwanta ciwo, in ina aiki a zaure tana daga ɗaki tana gaya mini dalmata ta yi yawa, alhali ko ganina ba ta yi.

Shekaranjiya, bayan addu'ar bakwai, Alhaji ya ja ni gefe. Ya ce ladan ya buɗe akwatin ya ga rubutun, kuma bai dace a bar aibin mamaci a rubuce a bainar jama'a ba. Ya ce yana da ragowar fenti a gida. Na ce ita ta sa a rubuta. Ya ce ai lokacin tana da rai ne, yanzu kuwa alherinta ya kamata a ambata. Na ce Alhaji, kwana bakwai ina jin ana ambaton alherin wata mata da ban sani ba, wannan rubutun ne kaɗai na ji muryar Gwaggo a cikinsa. Ransa ya ɓaci, nawa ma haka. Muka tafi wurin tare, kowa yana ganin zai shawo kan ɗan'uwansa.

Da na buɗe ƙofar sai na ga zafin rana ya cinye rubutun, wasu baƙaƙen da ƙyar ake karantawa. Da mun bar shi, da kansa zai goge kafin baɗi. Na laluba aljihu na fito da alƙalami, na bi kan kowane harafi na sake zana shi. Alhaji yana tsaye a bayana yana ta tsaki. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "To tunda taurin kan na gado ne, ƙara mata addu'a a ƙasa."

Na ƙara. Layin ya karkace.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa ruwan da unguwar nan ke sha ya zame mata sadaka mai gudana. Ni kuma Ya yafe mini maganar da na faɗa mata a gindin tanki, don har ta koma ga Ubangijinta ba ta bar ni na gama ba ta haƙuri ba. Duk lokacin da na fara, sai ta aike ni.